Littafin bikin Dada da bencin Baba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina so in rubuta wannan abun, in na fara sai in goge, in na sake farawa in sake gogewa, to daren jiya mai ɗakina ta min wata tambaya da ta hana ni bacci. Tace wai in Allah ya ɗauki ranta yau, mutum nawa ne cikin dangina da ni da kaina nake ɗaukar waya in kira, ba ita ke kira ta miƙo min ba. Na buɗe baki zan amsa sai na ji maƙogwarona ya riƙe, domin amsar wannan tambayar mun riga mun ganta a gidanmu da idonmu.

Ni ɗan Gombe ne, a Jekadafari aka binne cibiyata, malamin sakandare ne, ilimin halittu nake koyarwa. Mahaifiyarmu Dada muke ce mata, ta rasu a daminar 2019, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Dada ba ta yi boko ba amma tana da littafi, irin na 'yan firamare mai ganye arba'in, in ɗaya ya cika a sayo wani a ɗinke su da zare. Tun ina aji huɗu ni ne marubucinta. Duk ranar da aka yi biki ko suna a gidanmu, da dare in kowa ya watse sai ta kira ni tace zo da biro, rubuta, wance ta Bolari turmin atamfa ɗaya, wance ta Kumo naira ashirin da kwanon samira, wance ta Pantami sabulu sanda biyu. In kuma ita ce za ta je na wani sai an buɗo shafin an duba me suka kawo, ta ninka ko ta ɗora wani abu a kai. Ni a lokacin ɗaukarsa nake littafin bashi kawai, har haushi nake ji in ana kirana ina jin bacci.

Ranar da ta rasu kafin la'asar gidanmu ba masaka tsinke. Mata daga Dukku, daga Bajoga, daga Deba, daga Kumo, wasu har daga Bauchi, fuskokin da ban sani ba amma da sun faɗi sunansu sai in tuna ai hannuna ya sha rubuta sunan nan. Akwai wata tsohuwa daga Dukku, aminiyar Dada ce tun suna amare, a gida ɗaya aka taɓa ajiye su haya kafin mijinta ya koma can. Ta shigo ba ta ko tsaya gaisuwa ba ta wuce ɗakin Dada ta zauna bakin gado tana cewa yanzu wa zan gaya wa, yanzu wa zan gaya wa. Da aka kwana biyu muna hira da ita wallahi na sha mamaki, ta san shekarar da jarin Baba ya karye a Tudun Hatsi har Dada ta sayar da 'yan kunnenta na zinare, abin da mu 'ya'yan gidan ba mu sani ba, ta san ɓarin da yayarmu Adda ta yi sau biyu, ta san har rashin lafiyar da na yi ina jariri da maganin da aka ba ni. Shekara arba'in da wani abu babu abin da ɗaya ta ɓoye wa ɗaya.

Shi kuma Baba nasa daban. Ɗan kasuwar hatsi ne, masara da gero da wake, kuma yana da majalisa a gindin wata darbejiya kusa da masallacin unguwa, su takwas ne, sun fi shekara talatin tare, daga la'asar zuwa magariba, wani lokacin bayan isha'i a ƙara. Da aka yi sadakar bakwai aka naɗe tabarmi, Baba ya koma majalisa kamar kullum. Ni kuma hankalina bai kwanta ba domin mutumin nan ya rame, da dare ina jin motsinsa ba ya bacci, abinci sai ya tsakura ya ture, sai na riƙa zuwa ina zama daga gefe in ji ko zai amayar da abin da ke cikinsa tunda a gida ya ƙi. Sati uku ina zuwa. Farashin buhun masara, tsadar taki, siyasa, wane ya zama kwamishina, a kunna BBC Hausa a yi shiru a saurara a ɗora musu a kai. Sunan Dada ko sau ɗaya bai fito ba. Gaskiya raina ya ɓaci sosai, nace wannan wace irin abota ce, mutum ya rasa matar da suka yi kusan shekara hamsin tare amma ana ta zancen taki.

Ran nan na tari wanda ya fi kusa da shi a cikinsu, wani dattijo mai gyaran keken ɗinki, na durƙusa na gaishe shi nace Baba dan Allah tsohon nan yana muku maganar Dada kuwa? Ya dube ni ya daɗe, yace ɗana me zai ce mana da ba mu sani ba, mu ai namu zama ne, ka lura tun da abin nan ya faru akwai ranar da muka bar shi ya tashi shi kaɗai? Sai a lokacin na tuna kullum sai ɗayansu ya rako shi har ƙofar gida, yau wannan gobe wancan, kuma ba wanda ya taɓa cewa ga dalili.

Amma abin da ya fi girgiza ni ba wannan ba ne, yadda zumuncin gidanmu ya zube ne cikin shekara ɗaya kamar an zare wa rumfa ginshiƙi. Babbar Sallah ta zo aka yanka rago aka soya, sai bayan kwana huɗu Adda ta tambaya wa ya kai wa Goggo nata kason, kowa ya dubi kowa. Goggon nan fa ƙanwar Baba ce uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce Baba kawo wayarka in kira ta mu ba ta haƙuri, na duba sama na duba ƙasa babu lambarta. Ashe duk shekarun nan Dada ce ke sa kati ta kira, su yi hirarsu ta minti ashirin, sannan ta leƙa zaure tace Malam ga Goggon yara, ya karɓa yace lafiya lau, ya yara, ya ruwa, to madalla, ya miƙo mata abinta. Aka ɗaura auren 'yar Bappa a Bajoga ba mu ji ba sai a hoto, da yayanmu Hamma ya yi ƙorafi aka ce masa ai tunda Dada ta rasu kun yanke mu, ba mu san wa za mu faɗa wa ba. Maganar ta yi min zafi amma gaskiya suka faɗa. Mu maza huɗu ne a ɗakin Dada, dukkanmu muna ji da kanmu masu zumunci ne, ashe ƙafar da ake cewa zumunci a cikinta yake, ƙafar Dada ce, mu goyo ne kawai.

Ƙarshen 2020 na samu aiki a wata makaranta a Bauchi muka tare a Yelwa, nan kuma na ga nawa. Ina da abokai da muka taso tare, ƙwallo da yamma, gidan kallo ran Asabar, shayi da dare, mutanen da zan iya rantsewa za su tsaya min a ko'ina. Tsakanin Gombe da Bauchi wajen kilomita 150 ne, tafiyar awa biyu da ɗan wani abu, amma sai ka ce ƙasa na bari. Ba faɗa ba komai, kawai dai babu ƙwallon babu shayin, sai guruf ɗin WhatsApp da ake tura barka da Juma'a da sitika. In na kira ɗayansu minti biyu mun gama, ya gari, ya aiki, ya iyali, sai mu yi shiru kowa na neman abin faɗa. Ita kuwa mai ɗakina da aminiyarta ta Herwagana kusan kullum sai sun yi waya, tana wanke-wanke waya na maƙale a kafaɗa, har cajin ya mutu. Da haihuwa ta zo mata da gardama a 2021 aka yi mata aiki, kafin magariba aminiyar ta iso Bauchi da fulas ɗin kunu da zannuwa, ta kwana huɗu a asibiti a kan tabarma. Nawa abokan ba su ma san an yi aiki ba domin ban faɗa ba, ban san ta yadda zan fara faɗa ba. Sai da ɗaya ya ji a bakin matarsa, washegari na ji alat ya shigo, sun yi karo-karo sun haɗa abin da ya biya kuɗin asibitin har da ragon suna, kuma har yau ba wanda ya taɓa tada maganar. Da na kira in yi godiya cewa aka yi kai dalla rabu da mu, yaushe za ka shigo gari.

A wannan zaman na Bauchi ne, da yake dare yana min tsawo, na shiga karance-karance a kan abin, tunda dama fannina ne ta wani ɓangaren. Akwai masu nazarin halayyar ɗan Adam ta fuskar juyin halitta, su tambayarsu ita ce wace ɗabi'a ce ta taimaki kakannin kakanni suka rayu suka raini 'ya'ya har ta zama gado a jini. Bari in faɗa tun yanzu, ni musulmi ne, na yi imani Allah ne ya halicci Annabi Adamu da Hauwa'u, ba abin da zai taɓa min wannan. Amma abin da mutanen nan suka auna suka ƙirga a kan yadda maza da mata ke riƙe mutane, wallahi kamar a tsakar gidanmu suka zauna.

Wani farfesa a Jami'ar Oxford ta Ingila, Robin Dunbar, shi ne ya shahara da cewa mutum ba ya iya riƙe alaƙa mai ma'ana da fiye da mutum wajen 150, kuma a cikinsu akwai zobe-zobe, kusan biyar na cikin zuciya, sai sha biyar, sai hamsin. Da na karanta sai da na sa Adda ta aiko min da littattafan Dada na zauna na ƙirga, gida ɗari da talatin da ɗoriya, mace ɗaya da ba ta iya rubuta sunanta da boko ba. Shi Dunbar ɗin da wani abokin aikinsa sun bi wasu ɗalibai a Ingila tsawon wata 18 daga lokacin da suka gama sakandare suka watse, suka ga dangantakar jini tana jure nisa ko ba a cika tuntuɓa ba, amma abota tana dusashewa, kuma abin da ke hana ta 'yan mata mutuwa shi ne yawan magana, ta samari kuwa sai in ana haɗuwa ana yin wani abu tare. Na ajiye wayar na yi shiru, domin ni ne wannan, babu ƙwallo babu shayi sai abota ta kwanta. Akwai kuma wani bincike da aka fitar a 2012 da aka duba bayanan kiran waya na mutane masu ɗimbin yawa a wata ƙasa ta Turai, aka ga mace in ta manyanta wanda ta fi kira yana sauyawa daga miji ya koma mace sa'ar 'yarta. Dada da Adda ke nan, safe da yamma.

Dalilin da suke bayarwa shi ne ya fi taɓa ni. Suka ce a mafi yawan al'ummomin duniya mace ce ke barin gidansu ta tafi cikin dangin miji, baƙuwa, babu uwa babu 'yar uwa, ga ciki ga goyo, to dole ta ƙera wa kanta 'yar uwa daga bare, mutum ɗaya ko biyu da za ta amince wa da ranta da na ɗanta, irin wannan amana kuwa ba ta ginuwa sai da buɗe ciki, ki san nawa in san naki. Namiji shi yana nan cikin 'yan uwansa, abin da ake buƙata a wajensa ya iya tafiya cikin taro, farauta, tsaron gari, noma, irin gayyar da muka sani, mutum ashirin a gona ɗaya kowa da fartanyarsa ba sai ka san sirrin na kusa da kai ba, ka dai san in kura ta taso ba zai gudu ya bar ka ba. Dada tana da shekara sha shida aka kawo ta Gombe daga ƙauyensu, ba ta san kowa ba, wannan tsohuwar ta Dukku ita ce uwar da ƙanwar da ta samu. Abin mamaki ma akwai wani Gombe ɗin a Tanzaniya, daji ne a bakin Tafkin Tanganyika inda Jane Goodall ta fara nazarin manyan biran nan cimfanzi a 1960, to a cikinsu ma mazan suna zama inda aka haife su suna yawo da sintiri tare, mata da yawa kuma in sun balaga sai su ƙaura wani garken. Ɗalibaina kullum sai sun yi dariya in na ce musu akwai Gomben birai.

Sai wata masaniya a Amurka, Shelley Taylor, ita da abokan aikinta a shekarar 2000 suka ce abin da aka daɗe ana koyarwa cewa in tashin hankali ya zo mutum ko ya yi faɗa ko ya gudu, yawanci a kan maza aka gwada shi, mace sau da yawa abin da take yi shi ne ta tattara 'ya'yanta ta nemi 'yan uwanta mata. Duk wanda ya taɓa ganin gidan rasuwa a ƙasar Hausa ya san haka, cikin gida ana rungume juna ana kuka ana faɗin halin mamaci, waje kuma maza a jere kan tabarma, Allah ya jiƙan rai, amin, Fatiha, shiru.

Na kuma ga aikin Rebecca Sear da Ruth Mace a kan wasu ƙauyukan Gambiya, inda suka duba tsofaffin bayanan haihuwa da mutuwa suka ga yaran da kakarsu ta wajen uwa ke raye sun fi samun ƙoshi kuma sun fi tsallake ƙuruciya. Kristen Hawkes ma ta ga irin haka a wajen mutanen Hadza na Tanzaniya, tsofaffin mata ke haƙo saiwoyin da ake ciyar da jikoki. Mu da muke mayar da mace gidansu wankan jego a haihuwar fari, kwana arba'in uwa na dafa ruwan zafi da ganyen darbejiya tana dama kunun kanwa, ba mu jira wani bature ya faɗa mana ba. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ƙanwar uwa tana matsayin uwa.

Inda nake rabuwa da wasu masu yaɗa irin wannan karatun shi ne in sun mayar da shi hujja, wai namiji haka aka halicce shi ba ya iya kira ba ya iya tambaya. A'a. Su kansu masu binciken magana suke a kan galibi, ba kowa da kowa ba, ƙanwata ta biyu ba ta da aminiya ko ɗaya kuma lafiyarta ƙalau, ina kuma da abokin aiki namiji da ya san ranar sunan kowane yaro a danginsu. Sannan tarbiyya ma tana da hannu, mu aka ce wa namiji ba ya kuka tun muna shekara biyar. Kuma sada zumunci da Allah ya wajabta bai ce mata kaɗai ba. Annabi bayan rasuwar Nana Khadija in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama, namiji ne fa, shugaban halitta, yana riƙe da ƙawayen matarsa bayan ba ta. Ranar da wannan hadisin ya faɗo min a rai na tuna tsohuwar Dukku da ba wanda ya leƙa tun arba'in ɗin Dada, sai da na yi hawaye.

A 2022 Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, na ajiye aikin Bauchi na dawo gida. Tsorona a lokacin ba ciwon kaɗai ba ne, na riga na gane abotar irin su Baba tana buƙatar wurin zama, in ƙafa ta daina zuwa gindin darbejiya shikenan. Kwana biyu da sallamo shi daga asibiti, bayan la'asar, na ji ana ta ƙoƙarin shigo da wani abu ta ƙofar zaure ana cewa ɗaga can, karkato nan. Na fito na ga tsofaffi biyar, ƙaraminsu ya haura saba'in, sun ɗauko bencin majalisar da kansu, ga rediyo a hannun ɗaya ga butar shayi a hannun wani. Ba su yi sallama da wani dogon bayani ba, mai gyaran keken ɗinki yace ɗana fito mana da shi. Muka tallabo Baba muka zaunar, bakinsa a karkace magana ba ta fita sosai, suka kunna rediyo suka ɗora musu a kan farashin wake kamar jiya aka rabu. Tun daga ranar bencin yana zaurenmu. Uku daga cikin su takwas ɗin na majalisar sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya 'ya'yansa sun ɗauke shi zuwa Abuja, saura su huɗu da Baba a ciki, kuma ba su fasa ba ko ana ruwa.

Ni kuma na sayi sabon littafi mai ganye tamanin na ɗinke shi a bayan na Dada. Ba na iya hirar minti ashirin a waya har yanzu, amma na rubuta ranar Juma'a Goggo, ranar Lahadi Bappa, farkon wata Dukku, in na kira na rasa abin cewa sai in tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya da sunansu, daga nan su suke ɗaukar zancen. Layya uku ke nan ina kai wa aminiyar Dada cinya da hannuna, duk zuwa sai ta riƙe ni na yini tana ba ni labarin uwata da ban sani ba. Da na lissafa wa mai ɗakina daren jiya, mutum tara na samu. Tace a cikin ɗari da talatin, nace eh, tara.

Azumin da ya wuce, wata rana dab da shan ruwa, mai ɗakina ta aiko da kunun tsamiya zaure, aka kira sallah aka zuba wa kowa a kofi, ni ina riƙe wa Baba nasa saboda hannun. Ya kurɓa sau biyu ya tsaya, da wannan bakin nasa da ba ya fita sosai yace na marigayiya ya fi tsami. Kofin ya kusa suɓuce min, tun 2019 ban taɓa jin ya ambace ta gaban mutane ba. Mai gyaran keken ɗinki bai ko ɗago ba, yace ƙwarai kuwa, ita ai ba ta tsoron tsamiya, shekara talatin muna sha. Wani yace Allah ya jiƙanta, aka ce amin. Baba ya miƙo baki na ƙara masa, sannan suka ce in kawo buta lokaci na tafiya.